Mudun da Kuke Auna 'Yan Fim da Shi

Bayan sallar isha'i, duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri a Katsina ya san yadda majalisar samari take. Ga teburin mai shayi da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai, ga janaretan mai cajin waya yana ta ƙara, ga benci ya ɗauki mutum shida alhali na huɗu aka yi shi. Waya ɗaya ce a hannun mutum ɗaya, amma kawuna biyar sun sunkuya a kanta. Hoton wata 'yar fim ne ya fito. Na farko ya ce, “Kai, wannan fa da baƙa ce ƙirin, na san tsohon hotonta.” Na biyu ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ya ce a dubi gaɓoɓin yatsunta, nan ne mai ba ya kamawa. Na uku ya ce ai dama ba Bahaushiya ba ce, zuwa ta yi. Na huɗu ya kawo labarin wani Alhaji da wata mota, wanda shi ma a wani shafi ya gani. Kafin shayin ya huce an gama da fatarta, an gama da asalinta, an gama da mutuncinta, an wuce zuwa ƙwallo. A cikin gida ma, wajen 'yan mata, hirar ba ta canza ba, muryar ce kawai ta yi ƙasa. Ƙannena, maza da mata, a kan wannan minti goman nake so mu tsaya, domin ina ganin kun ɗauka magana ce a kan wata baƙuwa da ke Kano ko Kaduna, wadda ba za ta taɓa ji ba. Ni kuwa ina ganin mudu kuke sassaƙawa, kuma mudun nan ba a waya zai kwana ba. Gida zai bi ku, a auna ƙannenku da shi, a auna matan da za ku aura, wata rana ku ma a ɗora ku a kai.

Ba na cikin masu cewa son mawaƙi ko ɗan wasa baƙon abu ne da zamani ya kawo. Ƙasar Katsina ce ta haifi Mamman Shata a Musawa, kuma har ya rasu a 1999 akwai mutanen da ba sa jin daɗin tuƙin mota sai da kasetinsa. Zambo da habaici ma ba yau aka fara ba, duk wanda ya san Gagarabadau ya san haka. Da fim ɗin bidiyo ya zo, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya da ya cika gari, labarin 'yan wasa ya zama abin saye da sayarwa. A mujallar Tauraruwa Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a 1999 kuma Ibrahim Sheme, shi ma ɗan jihar nan, ya fito da mujallar Fim. Iyayenku da yayyenku sun karanta tsegumi a waɗannan mujallu, kada su ce muku ba su yi ba. Sai dai mujalla tana da edita, tana da ofis, tana da suna a bango. In ta yi ƙarya akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, akwai wanda za a kai ƙara, kuma wata guda ake jira kafin wata ta fito, zafin magana ya ɗan huce. Yanzu kowace waya ɗab'i ce mai zaman kanta, ba edita, ba adireshi, kuma labarin da aka ƙirƙira da hantsi a Rijiyar Zaki ta Kano ya iso Ƙofar Sauri kafin azahar.

Ya kamata ku san yadda kasuwar take tafiya, tunda ku ne a cikinta. Mai tashar YouTube da ke rubuta “Innalillahi, asiri ya tonu” a kan hoton 'yar wasa tana kuka, hoton da aka yanko daga wani tsohon fim, ba kishin tarbiyya ne ya hana shi barci ba. Talla ake sakawa a bidiyonsa, kuma gwargwadon yawan masu kallo gwargwadon abin da zai shiga asusunsa. Manhajojin nan, Facebook da TikTok da Instagram, an gina su ne su tura wa mutane abin da ya fi tsayar da su, kuma babu abin da ke tsayar da mutum kamar fushi da abin kunyar wani. In ka zagi mai bidiyon a ƙasa ka ƙara masa, in ka kare wadda aka zaga ka ƙara masa, in ka tura wa abokinka don ya ga irin ƙaryar da ake yi, nan ma ka ƙara masa. Shi ya sa ake sanar da mutuwar 'yan wasan da ke raye, ake ɗaura aure a warware shi ba da sanin ango da amarya ba. Kuɗin data kuwa daga aljihunka ya fita, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ba wanda ke buƙatar a gaya masa tsadarta. Ɗalibin da ya ce ba shi da kuɗin sauke takardun karatu, shi ne ya ƙarar da gigabait guda yana bin diddigin wa ya daina bin wa.

Za ku ce masoya su ne jarin ɗan wasa, in babu su babu shi. Haka ne. Mutumin da ya kalli Labarina ko Daɗin Kowa ko Izzar So, ya yaba, ya gaya wa wani, ya taimaki sana'ar da ke ciyar da masu kyamara da masu haɗa sauti da masu ɗinki da direbobi da masu dafa abinci a lokeshan. Wannan so ne mai amfani. Amma akwai wani abu da ke shigowa da rigar so, wanda ba ya kallon aiki sam, rundunar yaƙi kawai yake nema. Shekaru aka yi matasa suna rabuwa gida biyu tsakanin Ali Nuhu da Adam A. Zango, ana jifan juna da maganganun da har iyaye ba su tsira ba. A 2019 saɓanin mutanen biyu ya kai gaban kotu a Kano, manya suka shiga tsakani, aka sasanta. Su sun gaisa, sun koma sana'arsu, kuma a farkon 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Yaron da ya ɓata da abokinsa na makarantar allo saboda su fa, wa ya zo ya sasanta su? Gwanin da yake zage-zage dominsa ko sunansa bai sani ba.

Hujjar da na fi jin ana kawowa ita ce, ai su suka fito da kansu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan tauye ta ba. Wanda ya sa fim a kasuwa ya ba jama'a damar su ce labarin ya yi rauni, ko rawar ta wuce gona da iri, ko shigar ba ta dace da mu ba. Wanda ya hau dandalin siyasa ya yi wa ɗan takara waƙa, ya buɗe ƙofar a tambaye shi me ya gani. Duk wannan aikinsa ne, a bainar jama'a ya ajiye shi. Amma aurensa da rabuwarsa, da rashin lafiyarsa, da wace ce mahaifiyarsa, da abin da ke cikin ɗakinsa, waɗannan bai kai su kasuwa ba. Mai sayar da tumatir a bakin titi ya yarda ka taɓa tumatirinsa ka ce ya ruɓe, bai yarda ka bi shi gida ka leƙa ta katanga ba. Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya fita daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba zan kama sunanta ba, an kama ya isa. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: gwamnatin Kano ta dakatar da shirya fim na tsawon watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace fina-finai, aka yi ta kame, masu ƙaramin ƙarfi da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abinci. Kuskuren mutum biyu ne a ɓoye. Waɗanda suka mai da shi annoba su ne dubban da suka karɓa suka tura, kowannensu yana salati yana cewa duniya ta lalace, yana kuma miƙa wa na kusa da shi. Sunan macen ya zauna a bakin mutane har yau, namijin kuwa kaɗan ne ma suka riƙe sunansa.

Wasu kuma da addini suke kare kansu, su ce hani da mummuna suke yi. Ina girmama mai wannan niyya in da gaske yake, amma addinin da ya yi umarni da hani shi ne ya shata masa iyaka. Ku koma Suratul Hujurat, wadda da yawanku kun haddace tun kuna Islamiyya. A jere ta zo da umarnin a bincika labarin da fasiƙi ya kawo, da hana izgili, da hana jifa da munanan laƙabi, da hana mummunan zato da bin diddigi, sannan ta kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce. Ba hutu a tsakani ta wuce kan cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Kamar majalisar mai shayin nan aka kalla aka jero su. Suratun Nur kuma ta sa shaidu huɗu a kan mai jifan mace da alfasha, in bai kawo ba bulala tamanin a bayansa, a daina karɓar shaidarsa. Babu inda aka ce ban da 'yar fim. In 'yar wasa ta yi abin da ya saɓa a fili, akwai masu hurumi. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, ta ba da haƙuri, daga baya aka janye. Mutum na iya ganin hukuncin ya yi daidai, wani ya ga ya yi tsauri, wannan muhawara ce ta masu hankali. Amma wanda ya shiga ƙarƙashin hotonta ya zagi iyayenta, wane munkari ya hana? Ya tarar da ɗaya ne ya ƙara na biyu.

Yanzu bari in zo kan fata, domin nan ne mudun ya fi yin ɓarna, kuma nan ne muka fi yin shiru. Tun wajen shekarun 1960 masu gidajen silima 'yan Labanan suka gane cewa fim ɗin Indiya ya fi kowane karɓuwa a Arewa, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan yadda fim ɗin Hausa ya ɗauko rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga can. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mun ɗauko har da fuskar jaruma. A Indiya akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane masu duhun fata, amma da wuya ka ga irinsu a matsayin wadda jarumi ke mutuwa a kanta. Mu ma haka muka yi. Ku zauna ku lissafa finafinan da kuka kalla a bana: wace ce ake yi wa waƙa a lambu, wace ce 'yar aiki, wace ce muguwar kishiya, wa ake sa wa baƙin gawayi da haƙoran roba don a yi dariya? Akwai 'yan wasa masu duhun fata da suka yi suna da ƙwarewarsu, amma su ma sun san hawan da suka yi ya fi na wasu tsayi. Furodusa zai ce shi ɗan kasuwa ne, abin da masu kallo ke so yake ba su. Masu kallon kuwa ku ne. Ga kuma tarkon da kuka ɗana wa yarinyar da ta shigo harkar: in ta zauna da fatarta ku ce ba ta da kyan jaruma, in ta shafa mai ta yi fari ku tono tsohon hotonta ku jera da sabo ku yi ta dariya. Ta ina za ta bi ta tsira?

Ita 'yar fim tana da kuɗin zuwa wajen likitan fata, tana da fitila da kwalliya da manhajar gyara hoto, wadda sau da yawa ita ce ma ke yin farin da kuke gani. Wadda ba ta da ko ɗaya ita ce ƙanwarku mai shekara goma sha biyar, wadda ta kawo muku abinci zaure ta ji kuna cewa “fara ko mayya ce.” Ba ta ce komai ba, ta ajiye kwano ta koma. Amma ta ji, kuma ta auna kanta. Kuɗin da ta tara na kitso ko na adashen makaranta, shagon kayan shafa za ta kai. Can mai shago zai ɗauko roba marar suna, ya matse tub biyu ko uku a ciki, ya zuba wani ruwa daga ƙaramar kwalba, ya juya da cokali, ya ce wannan haɗin sati biyu ne za ki ga canji. Ba ta san me ke ciki ba, shi ma sau da yawa bai sani ba. Abin da aka fi samu a irin wannan haɗi iri uku ne. Akwai sinadarin haidurokwinon, wanda ke hana fata yin launinta, in an daɗe ana shafawa kuma ya bar baƙaƙen tabo a kumatu waɗanda ba sa fita. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi da aka yi don cutar fata a shafa na 'yan kwanaki bisa umarnin likita. In aka mai da su man kullum sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da hannu, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, har hawan jini da ciwon suga suna iya biyowa. Na ukun shi ne makyuri, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, ya kuma isa ga ɗan da ke ciki. Launin da ake yaƙi da shi ɗin nan, shi ne garkuwar da fata ke kare kanta da ita daga rana, kuma ranar Katsina a watan Afrilu ba sai an ba ku labari ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da adadi a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara hasken fata. Ko da mutum ya ce adadin ya yi yawa ya rage rabi, abin da ya saura miliyoyi ne. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida, fatarsu ta ƙone, tana nadama. Dalilinta shi ne a dangi an fi nuna so ga jikoki masu haske. Ku lura, ba fim ta ambata ba, gida ta ambata. Kuma yanzu ba mata kaɗai ba ne, samari ma sun shiga, sai dai su ba sa yarda, su ce sabulu ne ya karɓe su.

A nan mai musu zai ce, to ai ka faɗa da bakinka, abin ya girmi fim. Bahaushe tun da can yana yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, kuma so ba a yi masa dole, in mutum ya ce fara yake so laifin me ya yi? Na yarda da rabin farko gaba ɗaya. Kannywood ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, ta tarar da shi ne ta sa masa fitila da kiɗa, ta maimaita shi sau dubu har ya zama kamar dokar halitta. Rabi na biyun ma ban ƙi ba: zuciya tana da abin da take so, wani doguwa, wani gajera, wani mai wushirya. Amma tsakanin “ina son fara” da “baƙa ba ta da kyau” akwai tafiya mai nisa. Na farko zaɓinka ne, ka ajiye shi a zuciyarka har ranar da za ka aika a tambayo maka. Na biyu hukunci ne a kan mafi yawan matan garinku, har da wadda ta haife ka wataƙila. Hausar da ta san alkyabbar mata ita ce kuma ta san wankan tarwaɗa, ta san baƙa mai sheƙi, ta san cewa kyau yana ga diri da fara'a da natsuwa. Mu ne muka tsuke ta. Su kansu Indiyawan da muka kwaikwaya sun fara jin kunya. Man Fair & Lovely da aka yi shekaru arba'in da biyar ana tallarsa da alkawarin fari, a 2020 kamfanin ya cire kalmar farin daga sunansa ya koma Glow & Lovely, bayan zanga-zangar da ta biyo kisan George Floyd a Amurka. Shah Rukh Khan, wanda ake ji da shi a nan kamar ɗan gida, ya sha suka a ƙasarsu kan tallar man hasken fata na maza. A 2014 kuma Lupita Nyong'o, 'yar Kenya mai duhun fata sosai, ta ɗauki kyautar Oscar. Da a nan ta zo neman fim, ina tsoron rawar da za a ba ta.

Sai maganar asali, wadda ke fitowa duk lokacin da ɗan wasa ya yi abin da ba a so: ai ba Bahaushe ba ne, su ne suka zo suka ɓata mana al'ada. Gaskiya ne masana'antar ta tara mutane daga Jos da Gombe da Maiduguri da Nijar da Kamaru, Hadiza Gabon ma sunan ƙasar da aka haife ta take amsawa. Amma wannan shaida ce ta ƙarfin Hausa, harshen da mutum zai taso daga Gabon ya zo ya ci abinci da shi. Kuma a duk garuruwan Hausa, Katsina ce bai kamata a ji wannan magana a bakinta ba. Wali Ɗan Masani da muke alfahari da shi, wanda unguwar Masanawa ke ɗauke da sunansa, asalin gidansu Barno ne. Birnin nan da fatake da malamai daga Mali da Agadas da Barno ya cika ya tumbatsa. Wanda kuma ya kalli mawaƙiya ko 'yar wasa daga Maraɗi ya ce baƙuwa ce, ya manta cewa Katsinawan da suka bar birnin nan bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar can, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai mulkinta. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba. In Bahaushe ɗan Bahaushe ya yi abin kunya ba ma cewa Hausawa ne, sai mu ce halinsa ne. Adalcin da ya kamaci ɗan Jos ke nan shi ma.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san zafin wannan mudu sarai in a kanmu aka ɗora shi. A gidajen kallon ƙwallo na Katsina an yi ta Allah wadai a 2023 lokacin da 'yan kallo a Balensiya suka yi wa Vinicius kukan biri, kuma an ji daɗi da kotun Sifen ta yanke wa uku daga cikinsu hukuncin ɗauri a shekarar da ta biyo. Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san nauyin kalmar Takari in ta fito daga wani bakin. A Sudan, a watan Yulin 2022, an kashe mutane da dama a jihar Bulunayil a rikicin da tushensa shi ne an ce Hausawan da suka yi zuriya bayan zuriya a can ba 'yan ƙasa ba ne, ba su da haƙƙin sarauta ko ƙasa. Saboda haka mai cewa wariyar launi matsalar Turawa ce, mu ba mu da ita, bai saurari majalisarsu da kyau ba. Ba mu da dokar da ta raba wurin zama, alhamdu lillahi, kuma ba na daidaita dariyar mai shayi da kisan Sudan. Amma tunanin da ke ƙarƙashi ɗaya ne, cewa ana iya karanta darajar mutum a fatarsa ko a garin kakansa. Lokacin da wani sahabi ya goranta wa Bilal launin mahaifiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɗauke shi wasa ba, jahiliyya ya kira abin.

Na san za a ce raha ce kawai, Bahaushe mutum ne mai barkwanci. Ƙwarai kuwa, kuma muna da tsarinsa mai kyau: Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, taubasai, jika da kaka. Amma wasan nan yana da sharuɗɗa. Ido da ido ake yinsa, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take, kuma kowa ya san akwai amana a ƙasa, ranar wuya abokin wasanka ne zai fara tsaya maka. Mutum dubu biyar su taru a kan yarinya ɗaya da ba ta san su ba, ba ta da bakin ramawa, babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan a wurin.

Ban ce ku daina kallo ba, ban kuma ce ku daina magana ba. Masana'antar ma tana buƙatar masu suka, waɗanda za su ce wannan labarin an ja shi kashi ɗari alhali na ashirin ne, wannan kotun da aka nuna ba haka alƙali ke zama ba, wannan Hausar ta birni ce aka sa a bakin mutumin ƙauye. Irin wannan magana tana gyara fim, kuma tana wasa ƙwaƙwalwar mai yinta; wasu daga cikinku da ita za su fara su zama marubuta. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In labarin sirrin wani ya iso wayarka, bari ya mutu a nan. In an buɗe hoto ana neman gaɓoɓin yatsu, mutum ɗaya ya isa ya ce a bar wannan, kuma za a ji nauyinsa fiye da yadda yake zato. In ƙanwarka na kusa, ka san tana jin ka. Sauran kuma lissafi ne. Tun da finafinai suka koma YouTube, furodusa ba ya jiran ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya gaya masa abin da ya sayu, da safe yake buɗe waya ya ga adadin waɗanda suka kalla da minti nawa suka tsaya. Ranar da shiri mai jaruma baƙa da labari mai ma'ana ya tara masu kallo fiye da bidiyon “asiri ya tonu,” shi zai riga kowa lura, kuma a shirinsa na gaba za ku ga wadda ya ɗauka.